Hannun Mai Lamba Sittin da Huɗu

Lahadi, 6 ga Oktoba 2019, bayan asuba

Yau kwana tara da aka ba matata Safiya gado a hawa na huɗu na asibiti. Ba zan rubuta abin da likita ya faɗa ba, takarda ba ta da maganinsa. Abin da zan rubuta shi ne alkawarin da ta ɗora mini jiya: kada a gaya wa yaronmu sai sun gama wasannin bana. Ta ce, "Malam, shekara uku yana zaune a benci yana kallon 'ya'yan mutane suna wasa. Bana aka ba shi gurbi, bana kuma zai gama jami'a. Mako bakwai ne kawai. Ka rantse." Ban rantse ba, amma na ce to, kuma to ɗin dattijo rantsuwa ce.

Matsalar ita ce waya. Safiya ce mai kiransa can Amurka kowace Lahadi. Shi ɗan fari ne a wurina, tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba, haka na ga ubana ya yi da yayana a Kazaure. Ita tuni ta yar da wannan kunya, ta ce a nan Abu Hail, unguwarmu a Dubai, babu surukan da za su ji. Ni na riƙe. Hirarmu ta shekara ashirin da biyu ba ta wuce kana lafiya, ya karatu, ga mamarka. Yanzu muryarta ba ta kai minti biyu take yankewa, don haka ni zan riƙa kira. In ce masa me?

Khairunnisa, ƙanwarsa, ta ce, "Baba, ka yi masa zancen ƙwallonsa mana." Ta sa mini wasan jiya a waya, ta nuna mini inda ake mayarwa baya. Ba ta goyon bayan ɓoyewar, fuskarta ta faɗa.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan azahar, a ofishinmu na aika kaya

Na kalla sau biyu. Ga abin da na fahimta.

Ƙwallon ba ƙwallo ba ce, ta fi kama da gwanda, kuma da wuya ƙafa ta taɓa ta. Dama huɗu ake ba ku ku ci yadi goma, yadi irin wanda ake auna shadda da shi. Ko a jefa ta sama, ko a danƙa wa wani ya ruga. Ƙarti biyar ke durƙusawa a gaba, kafaɗa da kafaɗa, su ne katanga. Na tsakiya ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sauran huɗun ko taɓa ta ba sa yi. Aikinsu su ture mutane, su buɗe wa mai gudu ƙofa. Nawa shi ne na hagun na tsakiya, lamba sittin da huɗu. Sunan aikinsa gadi.

Arzika, abokina mutumin Maraɗi mai shagon atamfa a nan Murshid Bazaar, ya leƙo wayar ya ce, "Mon vieux, abokina, ka aike yaro Amurka karatun injiniya ya koma gadi? Wanga wasa ai kokawa ce an sa mata hula." Na ce ya koma shagonsa kafin a kwashe shi.

Jiya na kira. Na ce haƙori ke damun mamarsa, ba ta iya magana sosai. Da na rasa abin faɗa na ce, "Me ya sa kai ba a ba ka ƙwallon?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Baba, mu in ka ji an ambaci sunanmu a talabijin, to laifi muka yi."

Minti huɗu. Ba mu taɓa kaiwa haka ba.

Laraba, 9 ga Oktoba, magariba

Ta sha cokali shida na kunu. Na ƙirga.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi, barandar asibiti

An ci su. Gudu talatin da ɗaya, yadi saba'in da huɗu. Ko biyu da rabi kowane gudu bai kai ba, kuma yaron ya ce in ba a samu huɗu ba, koci ba ya cin abinci.

Laifin ba na mai gudu ba ne. Yaro ne mai ƙafa, amma ko barewa ce ai sai ta ga ƙofa. Na dama na can ƙarshe dogo ne kamar rimi, yana miƙewa tsaye da wuri, duk wanda ya miƙe kuwa an shiga ƙarƙashinsa. Na tsakiya gajere ne mai taurin kai, ina son sa, ba ya ja da baya ko taku ɗaya. Nawa in gaba aka ce ya tura, yana turawa, har na ga ya kai wani ƙato yadi biyar ya zaunar da shi kamar buhun gero. Na mayar da wurin baya sau uku. Babu wanda ya gan ni.

Amma akwai wani salo da suke yi. Nawa ya bar gurbinsa, ya zagaya ta bayan na tsakiya, ya ɓullo ta dama, mai gudu na bin bayansa kamar ɗan akuya. Zagaye na sa masa suna. Sau bakwai suka yi, sau shida aka kama mai gudu tun bai tsallake layin katanga ba. Kafin nawa ya iso, wani daga masu tsaron baya na abokan karawa ya riga ya tsaya a ƙofar yana jira, kamar an aika masa wasiƙa tun jiya.

An fito da Safiya daga ɗakin hoton asibiti. Zan ajiye biro.

Talata, 15 ga Oktoba, la'asar

Ta yi masa saƙon murya da sassafe, lokacin da muryar ke da ɗan ƙarfi. Sau uku muka goge muka sake. A na huɗu ta yi dariya a ƙarshe, dariya ta gaske, da ta gama ta yi barci awa uku.

Khairunnisa ta ce, "Umma, wannan ba daidai ba ne." Safiya ta ce, "Khalas, na gama magana."

Alhamis, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Muna loda kwantenar Kano, ina tsaye ina kallon masu dako. Shekara ashirin da shida ina kallon mutane suna ɗaga kwali, na san wanda zai ɗaga da wanda zai zille tun kafin su sunkuya. Mai ɗagawa nauyinsa na gaba. Mai zillewa gindinsa na baya, yana taɓa kwalin kamar mai taɓa tukunya a wuta.

Arzika ya kawo shayi. Na nuna masa zagayen nan. Ya ce, "Kai da ka yi kokawa da ƙuruciya, mi kake kallo ga kai? Kai na ƙarya. Dubi ƙasa."

Na duba ƙasa. Kafin a miƙa ƙwallo, kowannensu na dafa ciyawa da hannu ɗaya. In gaba nawa zai tura, yatsunsa na lanƙwashewa, nauyinsa duka a kansu. In zagaye zai yi, da ƙyar yatsun ke shafar ciyawa, dugadugan kuma sun zauna. Na koma wasan farko, haka. Na koma na makon jiya, haka, duk bakwai ɗin. Ashe shi ke aika wasiƙar, da hannunsa.

Arzika ya ce, "Voilà, ka gani. Sai ka gaya mishi." Na ce a gidanmu ba a gaya wa ɗan fari laifinsa baki da baki, ƙanen uba ake turawa. Ya ce, "To ka samo ƙanen uban da ya san wasan gwanda."

Asabar, 19 ga Oktoba, azahar

An canza mata magani. Wanda aka canza ma an ce shi ne mai kyau.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan magariba

An sake cin su. Zagaye biyar, yadi uku.

Na kira daga baranda. Ya ce ina Umma, na ce ta je gaisuwar haihuwa unguwar Al Qusais, ta bar waya a gida. Ƙaryar ta fito sumul, har na tsorata.

Muryarsa a ƙasa take. Ya ce koci ya fara gwada wani a gurbinsa wajen atisaye. Sai na ce masa bari in ba shi labari. Na ce a garinmu an yi wani ɗan kokawa, Maharazu Mai Turmi, ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba damina huɗu. Rana ɗaya wani siriri daga Roni ya kayar da shi, ya kuma kayar da shi, har sau uku. Aka ce asiri ne, aka yi ta yanka zakaru. Sai wata tsohuwa mai sayar da ƙuli a bakin fage ta ce babu wani asiri, duk sanda Mai Turmi zai kai hannu ƙafa sai ya lashi leɓe, ita ta daɗe da gani, ba a dai tambaye ta ba ne.

Ya ce, "Baba, ni ne Mai Turmi?"

Na ce ni dai labari na bayar. Amma in mutum zai zagaya, ya dafa ƙasa kamar mai shirin turawa.

Na ji yana buɗe kwamfuta. Na ji numfashinsa. Can ya ce, "Innalillahi. Baba, kociyoyi goma gare mu, da na'urori. Ta yaya ka gani?" Na ce ni ce tsohuwa mai ƙuli.

Minti goma sha tara.

Talata, 22 ga Oktoba, safe

Na ba Safiya labarin. Ta ce, "Malam, kai ne yau da hira?" Ta rufe ido tana murmushi. Hannunta ya yi sauƙi a cikin nawa, ba zan ce kamar me ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba, bayan asuba

Sun ci. Yadi ɗari biyu da goma sha ɗaya da gudu kaɗai.

Zagayen farko na riƙe numfashi. Yatsun sun lanƙwashe, mai tsaron baya ya matso gaba yana jiran turi, sai ga nawa ya sulale ta baya ya ɓullo ta dama, ya tarar da wani ɗan tsurut shi kaɗai a hanya. Allah ya jiƙan rai. Mai gudu ya wuce yadi talatin da takwas. Ba a ambaci sunan nawa ba ko sau ɗaya, alhamdu lillahi.

Dogon nan na dama har yanzu yana miƙewa da wuri. Ba ɗana ba ne, amma abin na ci mini rai.

Laraba, 30 ga Oktoba, la'asar

Shi ya kira ni. Ba ranar Lahadi ba, ba neman mamarsa ba. Ina cikin jirgin metro, na sauka a tashar da ba tawa ba don in ji shi sosai. Wai abokansa na katanga suna gaishe ni, sun sa mini suna Koci Dubai. Dogon ya ce in duba masa nasa. Na ce a gaya masa ya ɗauka yana shiga ƙofar zaure mai gajeren kai.

Sai a ƙarshe ya ce, "Umma fa? Haƙorin nan bai warke ba?" Na ce shwaiya shwaiya, sannu a hankali.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan masallaci

Ba ta ci komai ba.

Asabar, 2 ga Nuwamba, magariba

Jiya ma haka, yau ma haka.

Litinin, 4 ga Nuwamba, hantsi

Sun sake ci, da ƙyar. Abokan karawar wannan karon sun cika tsakiya da mutum takwas, gudu ya yi wuya, sai a kashi na huɗu, na ƙarshen wasan, katangar ta gajiyar da su. Abin da na lura ke nan da wasan nan: turin farko ba ya ba da komai, na ashirin ne ke biya. Mutum ya yi ta dukan bango yana ganin banza, ashe bangon na ƙirgawa.

Na rubuta shafi biyu a kan na tsakiya, na yage. Ban san wa nake rubuta wa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba, bayan la'asar

Khairunnisa ta same ni a baranda ina mayar da wasa baya. Ta tsaya a kaina, ba ta zauna ba.

"Baba, Yaya Muhaimin ya tambaye ni jiya ko Umma fushi take da shi."

Na ce me ta ce masa.

"Na ce a'a. Na gaji, Baba. Ni ce mai wanke ta, ni ce mai ƙarya, ga jarrabawa."

Na ce alkawari ne, saura mako biyu da 'yan kwanaki.

Ta ce, "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da farko don Umma ka yi shiru. Yanzu daɗin hirar ne. Kana tsoron in ka faɗa ya daina kiranka."

A zamaninmu yarinya ba ta faɗa wa ubanta haka. A zamaninmu kuma uba ba ya rasa amsa. Na ce ta je ta sha ruwa.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, azahar

Arzika ya ce, "Ɗiyarka ta kayar da kai, patron. Tashi ka kakkaɓe." Bai yi dariya ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, bayan magariba

An ci su da maki uku, amma gudu ya yi kyau, yadi biyar kowane ɗauka. Bai damu ba. Zancen da ke bakinsa daban ne. Wai wasan ƙarshe na gida, ranar ashirin da uku ga wata, ana kiran 'yan shekarar ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, iyayensu su rako su har tsakiyar fili, a ba uwa fure. Ya ce bizarmu ta bara ba ta mutu ba, ya duba. Ya ce, "A nan kam za a ambaci sunana, Baba, kuma ba laifi na yi ba. Ka ce wa Umma ta zo da mayafi mai kauri, akwai sanyi."

Na ce in sha Allahu.

Shekarata sittin da uku, ban taɓa jin kunyar faɗin in sha Allahu ba sai yau.

Litinin, 11 ga Nuwamba, hantsi

Likita ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya ba ni kujera mai laushi. Ya tambaya ko akwai wani na nesa da ya kamata ya zo. Na ce nan da mako biyu. Ya dubi takardarsa, ya dube ni, ya ce, "Hajji, da ni ne, ba zan jira ba."

Talata, 12 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na kira. Can safiya ce, yana shirin fita atisaye. Na fara da zancen dogon na dama, na ji bakina na zuba kamar famfon da ya lalace. Ya ce, "Baba, lafiya? Yau Talata."

Na faɗa masa. Ban yi labari ba, ban kawo ɗan kokawa ba. Na faɗi sunan ciwon, karo na farko da ya fita daga bakina, na faɗi abin da likita ya ce jiya.

Sai ya shiga jero mini tambayoyi.

"Tun yaushe?"

"Ƙarshen Satumba."

"Haƙorin?"

"Babu haƙori."

"Ranar da ka ba ni labarin Mai Turmi, a ina kake zaune?"

Na ce a barandar asibiti, ƙofarta na bayana.

Ya ce, "Ba ni Khairunnisa." Na ba ta. Ta shiga lungu, na ji tana kuka tana faɗin lambar jirgi. Da ta dawo mini da wayar ya riga ya kashe.

Saura wasa biyu. Wani ne zai dafa ciyawa a gurbinsa.

Laraba, 13 ga Nuwamba, safe

Bai kira ni ba. Ya turo wa ƙanwarsa hoton tikiti. Gobe da la'asar.

Laraba, azahar

Na shiga na gaya mata. Na tsaya a ƙarshen gado kamar wanda aka kawo gaban alƙali.

Ta ce, "Malam, ka ce mini to."

Na ce na faɗa.

"Wasa biyu. Biyu kacal. Ba ka iya riƙe baki na kwana goma ba, kai da ka riƙe shi shekara ashirin da biyu?"

Ta juya fuskarta bango. Na zauna. Ma'aikaciya ta shigo ta duba ruwan da ake ƙara mata, ta fita. Aka kira salla a masallacin ƙasa, ban tashi ba. Na ɗauka barci ta yi.

Can, ba ta juyo ba, ta ce, "Yaushe zai sauka?"

Na ce gobe da la'asar.

"To me kake zaune kana yi? Je ka gida ka kawo mini kwallina, da ɗankwalin nan ruwan goro, da turaren wuta. Ka ce wa Khairunnisa ta zo da lalle. Ba zai same ni haka ba."

Laraba, bayan la'asar, a gida

Na sami ɗankwalin, na sami turaren. Na buɗe durowa bakwai, na zazzage jakunkuna uku a kan gado. Shekara ashirin da huɗu muna ɗaki ɗaya, ban san inda take ajiye kwalli ba.

Zan koma in tambaye ta. Za ta yi faɗa. Ina sauri in je in ji.